Muryata Ce A Tallan

Kafin ku yanke mini hukunci, don Allah ku bari in kai ƙarshe. Na san akwai waɗanda za su ce da karatuna da wayona ya aka yi na faɗa, ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Abin da zan iya ce muku kawai shi ne, wanda ya shirya maka ya fi ka sanin hanyar gidanka.

Shekarata ashirin da takwas, kuma Turancin kasuwanci nake koyarwa ta waya. Ba makaranta gare ni ba, ba ofis ba. Ajina shi ne kusurwar ɗakinmu ni da ƙanwata Auta: ƙaramin tebur mai ƙafa ɗaya gajera da na tokare da tsohon ƙamus, farin labule a bayana don kada ɗalibai su ga tarkacen kayan shafar Auta, sai fitilar nan mai zagaye da ake kafa waya a tsakiyarta. Ɗalibaina 'yan kasuwa ne, masu ɗinki, masu sayar da takalma, masu gyaran waya, mutanen da suka iya ciniki amma da zarar baƙo ya rubuto musu saƙo da Turanci sai gumi ya karyo musu.

Dabarata kuwa talla ce. Ba na fara musu da nahawu, barci yake sa su. Sai in ɗauko tallan da ke yawo a intanet, na sabulu ko na mota, mu warware shi kalma bayan kalma. Me ya sa suka zaɓi wannan kalmar ba waccan ba? Wacce ce ke jan mutum ya taɓa wayarsa? Daga nan kowa ya rubuta tallan hajarsa, in gyara, in karanta masa da murya in tura, don ya ji yadda ake furtawa. Ni kaina da talla nake samun ɗalibai, ina ɗan biyan kuɗi a haska shafina.

A gida dai ba a ɗauki wannan a bakin sana'a ba.

"Mutum ya wuni yana magana da waya shi kaɗai kamar mai taɓin hankali," in ji Gwaggo, yayar mahaifinmu marigayi, duk ranar da ta zo. "Sa'anninki na da 'ya'ya uku uku, ke kina koya wa ƙatti Turanci. Turancin ne zai riƙe ki in kin tsufa?"

Mama ba ta faɗa. Ita nata salon ya fi ciwo. Sai ta tsaya a bakin ƙofa da tsumman goge hannu, ta dube ni ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Allah dai ya nuna mini kafin in bi mahaifinku." Yaya kuma, babban wanmu, tunda nauyin gidan ya dawo kansa ya koma yin magana kamar mai karanta sanarwa. Auta ce kaɗai ke bayana. Ta gama karatun jinya shekara guda ke nan, aiki ya ƙi samuwa, sai ta mayar da tsokanata aikin yi.

A cikin wannan hali Mai Tayal ya shigo.

Ta hanyar tallana ya zo, kamar kowa. Ya ce tayal yake sayarwa da kayan banɗaki, yana so ya iya rubuta wa masu kamfani a waje da kansa. Ranar darasinmu na farko ya bayyana a wayata cikin farin yadi mai taushi, agogon azurfa a hannu, gemu a gyare, bayansa kuma tayal ne jere a bango kala-kala. Ba zai wuce talatin da bakwai ba. Yana magana a hankali kamar mai tsoron kada kalma ta fashe a bakinsa.

"Malama, ni fa kaina da tauri. Sai kin yi haƙuri da ni."

Ƙarya yake. Ban taɓa samun ɗalibi mai kaifinsa ba. Matsalarsa ɗaya, harafin p da f, kullum sai ya musanya su, in yi dariya, shi ma ya yi. Yanzu da nake rubuta muku wannan ina tantama ko ita ma musanyawar ba da gangan yake yi ba, don ya ga haƙorana.

Wata biyu muna darasi kafin ya fara turo saƙon da ba na darasi ba. "Malama ta ci abinci?" "Malama, yau muryarki kamar da mura, ki sha ruwan ɗumi." Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Mutumin da bai taɓa ce mini in bar aikina ba, wanda ke cewa sana'ata ta fi tasa daraja. Duk mazan da suka zo a baya, tambayarsu ta biyu ita ce, "In mun yi aure za ki daina wannan abin, ko?"

Da ya nemi izinin zuwa gida, Yaya ne ya fara ganinsa. Suka yi awa guda a falo. Yaya ya fito yana murmushin da rabona da ganinsa tun Baba na da rai.

"Wannan mutum ne," ya ce. "Ki riƙe shi hannu bibbiyu."

Sati biyu bayan haka ma'aikata suka zo suka fasa simintin kicin ɗin Mama da ya daɗe da tsagewa, suka shimfiɗa tayal ruwan madara mai ɗigon toka. Mama ta yi ta shafa shi da tafin ƙafa tana sa albarka. Gwaggo da ta zo gani sai da ta rangaɗa guɗa, ta ce ashe wayar ma tana haihuwar alheri. Auta kuwa ta sa masa suna Yaya Tayal, tana jin ƙarar motarsa za ta ruga ta buɗe ƙofa.

To, ga inda na yi wautar.

Wata ranar Laraba ya ce aikin gidan da zai kawo mini a darasi ba tallan tayal ba ne. Wani abokinsa na da kamfanin da ke samar wa mata aiki a ƙasashen waje, kula da tsofaffi da aikin otal, shi ne yake so ya gwada rubuta masa talla don ya ga ko hannunsa ya faɗa. Ya turo. Turancin a karkace, amma ma'anar ta fito. Na zauna na gyara masa shi tsaf. Har ina koya masa, wallahi, ina cewa, "Ka ga nan, kada ka ce albashi mai yawa, kowa na faɗin haka. Ka ce za ki riƙa turo wa mahaifiyarki duk wata. Talla ba da kai yake magana ba, da zuciya yake yi."

"Kai, Malama," ya ce. "Allah ya yi miki baiwa. Ki karanta mini da murya mana, yadda kika saba. Sannan ki maimaita da Hausa, don in tabbatar na gane kowace kalma."

Na gyara zama, na karanta. Sau uku ma, don na farko Auta ta shigo tana waƙa, na biyu kuma ya ce in ɗan sassauta, in yi kamar da ƙanwata nake magana.

A satin ne kuma ya ce tallan shafina ba ya kaiwa inda ya kamata, akwai yaransa da suka ƙware, in ba shi lambobin sirrin shafin su gyara mini. Mutumin da manyansa ke shirin zuwa gidanmu, me zan ɓoye masa? Na ba shi. Ɗalibai kuwa suka ƙaru, har na raba aji biyu.

Bayan wata uku, ranar Asabar da hantsi, ina goge mayafina ruwan hoda saboda ya ce zai zo bayan azahar, saƙo ya shigo daga wata tsohuwar ɗalibata. Maɗinkiya ce, babbar mace mai raha, kullum saƙonta da dariya yake farawa. Wannan babu.

"Malama, ki zo shagona yanzu. Kada ki kira. Kada ki gaya wa kowa."

Na rubuta, "Lafiya?"

"Ki zo dai."

Na kashe dutsen guga, na zura doguwar riga baƙa, na ce wa Mama zan karɓo ɗinki. Shagon yana bayan layin masu kayan gini, ɗaki ɗaya mai kekunan ɗinki uku da madubi dogo da ya tsage a gefe. Da na shiga, kekunan duk a tsaye, ta sallami 'yan aikinta. A kan benci wata mata ce zaune, siririya, da hijabi ruwan ƙasa da ya koɗe, ta ƙanƙame jakar leda a cinya. Na gaishe ta.

Sai ta ɗago kai da sauri ta zuba mini ido.

"Ita ce," ta ce. "Wallahi muryar ce."

Maɗinkiya ta ja ƙofa ta rufe, ta miƙo mini wayarta.

"Wannan maƙwabciyata ce. Ki kalla, Malama, sannan mu yi magana."

Bidiyo ne. Wasu 'yan mata cikin fararen kaya suna murmushi a wani gini mai gilashi, jirgi na tashi, wata tsohuwa na karɓar saƙo tana hawayen farin ciki. A kan hotunan kuma murya na zuba, a sanyaye, kamar mai lallashi. Za ki riƙa turo wa mahaifiyarki duk wata. Har ɗan numfashin da nake ja kafin in faɗi kalma mai tsawo yana nan. A ƙasa an rubuta wanda ya ɗauki nauyin tallan: sunan shafina, da ƙaramin hotona.

Na zauna a kan tulin yadi.

"Ni ban taɓa ganin wannan ba," na ce.

"Ba za ki gani ba," in ji Maɗinkiya. "Ba ke kika koya mana cewa mai talla shi ke zaɓar wanda zai gani ba? An kai shi can garuruwan nesa, inda ba a san ki ba."

Matar ta buɗe jakar ledar ta zaro hoto. Yarinya ce mai faffaɗan goshi da wushirya, tana riƙe da takardar gama sakandare.

"'Yata ce. Tana wurin ƙanwata a wani gari lokacin da ta gani. Ta turo mini, ta ce Inna ki saurara, wannan matar malama ce, tana da ɗalibai, ba za ta yi ƙarya ba. Ni ma na saurara. Na ji muryar mai tsoron Allah." Ta shafa hoton da yatsa. "Sati bakwai ke nan da tafiyarta. Ranar da suka sauka ta kira, ta ce an karɓe musu fasfo wai za a buga hatimi. Bayan kwana huɗu ta sake kira da wata lamba, tana raɗa. Ta ce Inna, ba gidan tsofaffi ba ne. Sai aka katse."

A waje wani na sauke buhunan siminti, ina jin faɗuwar kowanne a ƙirjina.

"Su nawa ne?" na tambaya.

"A tafiyarsu su shida. Ban san na gaba ba, ban san na baya ba." Ta matso, ta kama gefen rigata. Ba da ƙarfi ba, da ma da ƙarfin ne da ya fi mini sauƙi. "Ni ban zo faɗa ba, 'yar nan. Ki faɗa mini inda take kawai. Ko gawarta ce a ba ni."

Na rantse mata da duk rantsuwar da na sani. Na ba su labarin darasin, da aikin gida, da lambobin sirri. Maɗinkiya ta dafe kai.

"Mijin da za ki aura?"

"Shi."

"To ki saurare ni. Iyayen sauran yaran sun haɗa kai, jibi za su kai ƙara wurin hukuma, kuma abin da ke hannunsu sunanki ne da muryarki. Na roƙi wannan baiwar Allah ta fara ganinki don na san ki. Ki riga su zuwa. Ki tattara duk saƙonninku ki kai da ƙafarki."

A cikin motar haya na buɗe hirarmu ni da shi. Gaisuwa na nan, "Malama ta ci abinci" na nan, hotunan tayal na nan. Rubutun tallan da ya turo kuwa babu shi. Duk saƙon da ya shafi wannan aikin ya goge nasa tun tuni, ya bar nawa: gyarana, shawarata, muryata sau uku. Wanda ya karanta zai rantse ni na ƙirƙiro abin ina tura masa. Na gwada shiga wurin biyan tallan shafina, aka ce lambobin ba daidai ba ne.

Motarsa na ƙofar gida da na iso.

Yana zaune a falo kan doguwar kujera, cikin yadi ruwan toka, ƙamshin turarensa ya cika ko'ina. Mama ta jera masa lemo da ruwa a kan tiren baƙi, wanda ba a fito da shi sai da dalili. Ta harare ni a kan baƙar rigar da na sa, ta fice ta ja mana labule.

"Malama ta sha rana," ya ce yana murmushi. "Ina ɗinkin?"

Ban zauna ba. Na kunna bidiyon da Maɗinkiya ta tura mini, na ajiye wayar a gabansa. Na zaci zai firgita, ko ya yi musu, ko ya ce abokinsa ne ya ci amanarsa. Har addu'a nake a raina ya yi mini ƙaryar, in samu abin riƙewa. Sai ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai kamar mai jin karatu.

"Na uku ya fi kyau," ya ce. "Shi muka sa."

"Ina 'yar mutane?"

"Wacce a ciki?"

Jama'a, a nan na san ban taɓa sanin mutumin nan ba. Murya ɗaya ce da wadda ke ce mini in sha ruwan ɗumi, ko kaɗan ba ta canza ba.

"Zan kai ka wurin hukuma," na ce. "Yau ɗin nan."

Ya ɗauki kofin lemo ya kurɓa, ya ajiye shi daidai inda ya ɗauka.

"Zauna, Malama, kada Mama ta ji. Kin san hawan jininta." Ya jira. Na zauna a hannun kujera. "Ki je. Za su tambaye ki muryar wa, ki ce taki. Shafin wa, naki. Wa ya rubuta, ke. Ni mai tayal ne, ɗalibinki, ko p da f ban iya rabawa ba, ɗalibanki duka shaida ne." A wannan karon ya furta su daidai, kowanne a wurinsa. "Ba ke kaɗai ce mai koyarwa a intanet ba. Na zauna a aji huɗu kafin naki. Ke ce kawai idan kika yi magana uwa take yarda."

"Auren ma ƙarya ne ke nan."

"A'a. Nan kin zalunce ni." Ya dube ni ido cikin ido. "Ina son ki, kuma zan aure ki. Mace ba ta tona asirin gidanta, shi ke nan kowa ya huta. Ki ci gaba da ajinki, ba zan taɓa hana ki ba. Wata uku sau ɗaya ki karanta mini 'yan layuka."

Ya miƙe, ya gyara hannun rigarsa, ya leƙa ta labule ya yi wa Mama sallama cikin ladabi har da rusunawa. Ina ji tana ce masa ya gaida gida, Allah ya yi albarka. Ƙarar motarsa ta yi nisa ina nan zaune.

Na yanke shawara a wurin. Ko za a ɗaure ni, sai na je. Amma sai na fara faɗa wa Mama da bakina. Na same ta a kicin tana yanka albasa, fuskarta fal annuri.

"Mama, akwai maganar da..."

"Bari in riga ki, ni ma ina da albishir." Ta ajiye wuƙar. "Da cewa ya yi a ɓoye miki sai komai ya kammala, ya ba ki mamaki, amma cikina ba ya riƙe daɗi. Ya samar wa Auta aiki. A waje! Gidan kula da tsofaffi, irin karatunta sak. Yayanki ya sa hannu a takardun tun shekaranjiya."

Na dafa bango.

"Ina Autar?"

"Kina fita ya zo ya kai ta wurin ɗaukar hoto da gwajin lafiya. Ya ce layi ne da su, shi ya sa ya bar ta can ya dawo ya gan ki. Yanzu zai koma ya ɗauko ta. Ke lafiya? Kin ga yadda fuskarki ta koma?"

Na fita tsakar gida na danna lambar Auta. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu. A na uku aka ɗauka, na ji ƙugin injin mota.

"Auta! Kina ina? Ki fito daga wurin nan yanzu, ki..."

"Malama," ya ce a hankali. "Ba a shiga wurin da waya, shi ne ta bar mini ajiya. Kada ki damu, tana hannu mai kyau. Ko ta kwana a gida yau, ko ta kwana a hanya, wannan ke za ki faɗa mini." Na ji ya kunna siginar mota, ƙas, ƙas, ƙas. "Na tura miki sabon rubutu yanzu. Ki shiga ɗaki, ki wanke fuska, ki sha ruwa. Ba na so a ji kuka a muryar."